Ranar da Na Jiƙa Garin Soɓorodo

Tun ina da ƙarfina, ba a yi suna ko aure a unguwarmu ta Filinge ba a sha bisap ɗin hannuna ba, wato ruwan soɓorodo. Ni ka shuka soɓorodona a gefen gonar hatsi, ni ka tsinke shi in shanya. Guda-guda nike jiƙa shi. Kafin ya ga ruwa sai na zauna da faifai na tsince tsakuwa, da kashin ɓera, da wanda fumfuna ta ci ma ciki. In an tace, ja ne garau, kana hangen gindin kofi.

Da anka fara kawo niƙaƙƙe cikin leda a kasuwar Lahadi, ni ce kan gaba wajen kushewa. Nakan ce abin da anka niƙa, Allah kaɗai ya san da mi anka niƙa shi.

Sai yanar ido tas sauko mani. Ban gaya ma kowa ba, don ɗana na fari da ke Yamai ya riga ya yanke magana: "Inna, ranar da idonki ya gaza, ranar za ki taho wurinmu." Na san wurin nasu. Ɗaki ne bisa ɗaki, ba rumbu, ba akuya, ba mai leƙowa ta katanga ta tambaye ka kwana. Wata ƙawata da anka kai can, gawarta ma ba ta dawo ba.

Ana haka jikanyata ta haihu. Uwarta, ɗiyata da ke aure a Bonkuku, taz zo shirin suna. Ana gobe biki na jawo buhu, na ɗora faifai bisa cinya. Tsakuwa yatsa na jin ta. Fumfuna fa? Sai ido. Na koma shinshina su ɗaya-ɗaya har hancina ya mutu, la'asar ta yi ban cika ƙwarya ba, ga mata za su cika gida. In na jiƙa haka nan, in shayar da mai jego ruɓa. In na ce ɗiyata ta taya ni, ta gane, don ban taɓa bari wani hannu ya shiga faifaina ba.

Na yafa zane, na bi katanga da hannu har gidan wata Bazabarma mai saida niƙaƙƙen.

"Ikon Allah!" tac ce. "Tsohuwa, ba ke ce kinka ce da jar ƙasa muke haɗa shi ba?"

"Rini za ni yi," nic ce. "Miƙo, ki rage baki."

Da safe na jiƙa shi a bayan ɗaki, na sa citta da kanumfari da sukari. Nan da nan yaj jiƙu, ƙamshi ya tashi. Na ɗanɗana, ba laifi. Na tace da ƙyallena sau ɗaya, yadda na saba. Ina zan san gari na bin ƙyalle ya wuce, sai an bar shi ya kwanta an sake tacewa?

Na fito da shi tsakar gida ina taƙama, ina cewa su sha na gonata, ba na leda ba. Can maƙwabciyata, wadda ba ta iya riƙe bakinta, tac ce: "Kaka, yau daga tabki anka ɗebo muna, bayan shanu sun sha?"

Anka yi dariya. Na mayar mata cewa harshenta ne ya tsufa. Ba wanda yat taya ni.

Ɗiyata tak kama hannuna, tak kai ni bayan rumbu, tas sa mani kofi a tafi.

"Inna, duba ki gaya mani. Kina ganin gindinshi?"

Na duba. Duhu-duhu kawai.

"Garau," nic ce.

Sai na ji numfashinta ya canza. "Laka ce, Inna. Jiya ma na ga kin zuba ma akuya ruwa a gefen kwano."

Ni da ban durƙusa ma kowa ba tun rasuwar malam mai gidana, na riƙe zanen ɗiyar cikina. Na ce ta dubi Allah, kada ta gaya ma wanta. Na ce na san gidan ga da ƙafa, na san taki nawa ne daga ɗaki zuwa randa. Na ce ta bar ni in ga damina ɗaya tak.

"In kinka faɗa wuta, mi zan ce mishi?" tac ce. Tana kuka ta danna salula ta kira shi.

Bayan kwana huɗu mota taz zo daga Yamai. Akuyoyina na bar ma maƙwabciyata mai bakin nan. Irin soɓorodo na ƙulle a bakin zanena.

Likita ya cire yanar ido ɗaya, ya ce ɗayan sai an jira. Da wanda anka gyara nike hangen hadari yana haɗuwa ta gabas, daga tagar bene. Kullum ina ce ma ɗan nan a maida ni kafin shuka. Kullum cewa shike: "Sai mun gani, Inna." Ni na haife shi, na san abin da ke cikin maganar. Ƙullin yana nan, ban kwance ba.