Juye a Ramin Milutin

Milutin ya haƙa ramin mota a tsakar gidansa tun kafin ya gama yi wa gidan rufi. Matarsa Leposava ba ta taɓa yafe masa wannan ba. Duk baƙon da ya zauna shan gahawa a gidan sai ta ba shi labarin yadda ta riƙa tarar ruwan sama da tukwane a ɗakin kwana, mijinta kuwa yana waje yana shafe bangon rami da siminti kamar wanda zai tare a ciki. Shi ba bakanike ba ne. Kafinta ne a masana'antar kujeru ta garin Cacak har ya yi ritaya. Amma tun ranar da ya sayi motarsa ta farko, 'yar ƙaramar nan ƙirar gida mai inji a baya, ya rantse ba wani ƙaton da zai yi mata juyen baƙin mai sai shi, kuma ya riƙe rantsuwar a kan duk motar da ya mallaka bayanta.

Da sannu ramin ya zama na duk ƙauyen. Ranar Asabar sai ka ga motoci sun yi layi a ƙofar gidan, masu su na zaune a kan benci suna gardamar siyasa, Milutin yana ƙasa da sifana, ba ka jin komai daga gare shi sai tari da umarni. Ladansa kwalbar rakiya ce, barasar nan da kowane gida ke dafa tasa. Tsohon man da ya fito kuwa ba a zubar da shi. Da shi ake shafe katakon shinge da ginshiƙan rumbun masara don kada su ruɓe, kuma bi da bi ake rabonsa, kowa ya san ranar da nasa zai zo. A shekarun da aka ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, lokacin da ake sayar da fetur cikin kwalabe a bakin titi, ya taɓa tace tsohon mai da doguwar safar Leposava ya mayar cikin inji, motar ta yi ta tafiya abinta. Wannan ma ba ta yafe ba.

Abin alfaharinsa guda ne a duniya, kuma ba ya ɓoye shi: hannunsa ba ya kuskure. Yakan ce ko an ɗaure masa ido zai laluba ya kama notin juye na kowace mota. Ba wanda ya taɓa musa masa, domin ba a taɓa ganin ya ɓata ba. Mai haska masa tocila a koyaushe shi ne Obrad, tsohon mai raba wasiƙu, wanda ya tsaya masa ranar aurensa kuma ya riƙe 'yarsa Gordana ranar baftisma. Saboda haka kum suke kiran juna, kuma dangantakar nan ta fi ta jini nauyi a wurinsu. Obrad bai san komai a mota ba ban da sitiyari da hon, amma ba ya rasa abin cewa.

Da tsatsa ta cinye ƙasan motar Milutin har ana hango titi ta tsakanin ƙafafu, Gordana, wadda ke aikin jinya a Ostiriya, ta tuƙo wata ta kawo masa. Ba sabuwa fil ba ce, amma a ƙauyen ba a taɓa ganin mai sheƙinta ba. Ta miƙa masa makulli, sannan ta riƙe hannunsa ba ta saki ba.

"Baba, wannan ba irin waɗancan ba ce. Idan lokacin juye ya yi ka kai ta gareji a Cacak. Ka yi mini alkawari."

"To, na ji."

"Na ji ba alkawari ba ne."

"Ke da kika zo da ita kin fi ni sanin mota ke nan? Na ce na ji."

Ko ƙurar tafiyarta ba ta kwanta ba ya ɗaga murfin inji, maƙwabta suka zagaye shi. Kowa ya leƙa. Babu inji. Wato yana nan, amma an lulluɓe shi da wani baƙin faifan roba daga wannan gefe zuwa wancan, sumul kamar murfin akwati. Milutin ya zura hannu inda ƙarfen gejin mai ya kamata ya kasance, ya laluba dama, ya laluba hagu, ya leƙa ƙasa.

"Kum, hasko mini nan."

"Na haska. Me kake nema?"

"Geji."

"Ko ya faɗi a hanya ne?"

"Geji ba ya faɗuwa, kum. Ba su sa ba ne."

Wani dattijo a bayansu ya yi alamar gicciye. Milutin ya daɗe tsaye baki buɗe, domin a saninsa mota ba geji daidai take da rijiya ba guga. A ranar ko abincin rana bai iya ci ba, yana ta nanata wa Leposava cewa mutanen da suka ƙera wannan abu ba su taɓa shafa baƙin mai a hannunsu ba. Kuma a wannan kam yana da gaskiya. Wanda ya zauna a ofis mai sanyi ya ɓoye wa mai mota cikin motarsa, ya kamata a sa shi ya kwanta a ƙarƙashinta rana guda ya ji yadda ake ji.

Aka ci hunturu, aka shiga bazara. Wata safiya hoton 'yar sifana ya bayyana a allon gaban direba, alamar lokacin juye ya yi. Milutin bai ce wa kowa komai ba, ya hau bas zuwa Cacak, ya dawo da galan na mai da sabuwar filta, mai shagon ya gaya masa iyakar abin da injin ke sha. Leposava ta ga kayan a bayan ƙofa.

"Tsoho, ba ka yi wa yarinyar nan alkawari ba?"

"Na ce mata na ji. Kuma na ji."

"Allah ya shirye ka. Ni dai ba ruwana, kuma ba bakina."

Ranar Asabar ya hau da motar kan rami, ya sauka, Obrad ya biyo shi da tocila da bokiti, domin rabon tsohon mai na wannan karon nasa ne, shingen lambunsa ya fara cin ƙasa. Milutin ya ɗaga kai, sai ya sake cin karo da roba. Duk cikin motar an rufe shi da wani faifan, an ɗaure da ƙananan kusoshi masu kan tauraro waɗanda babu sukundireban da ya dace da su a cikin kayansa. Ya fito, ya ɗauki wani tsohon sukundireba ya goge bakinsa da zarto har ya shiga. Kafin faifan ya sauko rana ta take, wuyansa ya sage, ya zagi masu ƙirar har kakanninsu.

Da cikin ya bayyana, ba abin da ya yi kama da abin da ya sani. Amma ga noti nan a fili, babba, na ƙarfe, a gindin wani kasko, daidai inda hannu ke kaiwa ba wahala. Bai tsaya dubawa ba, don bai taɓa buƙatar dubawa ba. Ya ɗora sifana ya murɗa.

Mai ya zubo cikin bokiti. Obrad ya matso da tocila, ya ɓata fuska.

"Kum, wannan ai ja ne."

"Man zamani ke nan. Ba ka ganin har ruwan sanyaya injin nasu ruwan hoda ne?"

"To amma ba kauri. Wannan zai riƙe katako kuwa? Ni fa shekara guda ina jiran layina, a ƙarshe a ba ni ruwan shayi."

"In ba ka so ka bar shi, akwai masu so."

"Kuma ɗan kaɗan ne."

"Motocin yanzu ba su da ci. Riƙe tocilar da kyau, ka cika surutu."

Ya mayar da noti ya ɗaure. Filtar ma sai da ya sha wuya kafin ya gano an ɗora ta a sama, ƙarƙashin faifan farko. Ya canza ta, ya kafa mazurari, ya juye sabon mai daidai yadda mai shago ya ce. A da, nan ne zai zaro geji ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba, da kuwa ya ga abin da ya faru tun ba a je ko'ina ba. Yanzu ba abin zarowa. Ya wanke hannu, suka shiga mota, ya tayar. Wani rubutu mai ruwan ɗorawa ya fito a allo da Jamusanci.

"Me ta ce?" in ji Obrad.

"Godiya take yi."

Suka nufi shagon ƙauye da ke kan tudu, inda maza ke zama a ƙarƙashin rumfa, domin Milutin yana son a gani. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya motar ta ɗan yi fizga sau biyu, ya ce tana sabawa da sabon mai ne. Da suka fara hawa tudun sai injin ya ɗauki kuka, ƙara na ƙaruwa gudu na raguwa. Obrad ya waiga, ya ga ba ya ganin komai a baya. Hayaki fari mai shuɗi-shuɗi ya toshe hanyar, ya rufe shingaye, kajin wata mata suna tsere daga cikinsa. Daidai ƙofar shagon wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashinsu kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa, motar ta tsaya, sannan ta fara komawa da baya a hankali har Milutin ya danne birki.

Mutanen rumfa duk sun miƙe tsaye. Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi masa sauƙi. Kallonsa kawai suke yi, wani da kofi a hannu ya manta da shi, kamar sun ga limamin coci ya fito daga gidan caca.

Janwe ce ta kai motar Cacak. Bakaniken garejin mutum ne mai furfura a gefen kai, wanda mahaifinsa ya sha kawo mota ramin Milutin a da. Ya ɗaga motar sama, ya duba, ya juyo.

"Kawu Milutin, wanne ka kwance?"

Milutin ya nuna da yatsa.

"Wannan na giyabos ne. Man giya ka zubar. Na inji ga shi can baya, ɗan na roba, sai ka san yana nan za ka gan shi. Tsohon man yana ciki, ka ƙara masa sabo a kai, shi ne hayakin. Injin zai tashi. Giyabos ɗin kam ya tafi."

Milutin ya sake kallon notin. Ya buɗe baki zai ce ba zai yiwu ba, sai ya tuna jan man nan a cikin bokiti, da Obrad, wanda bai san komai ba, yana gaya masa har sau uku.

"Kada ka sa a ranka, Kawu," in ji bakaniken. "Ba kai ne na farko ba. Kuma duk waɗanda suka sani ne ke yin haka. Wanda bai sani ba ai ba ya shiga ƙarƙashi."

Ya faɗa ne don ya sanyaya masa zuciya, amma maganar ta fi zagi ciwo.

Shi da kansa ya kira Gordana, bai bar wa Leposava ba. Ya shirya wa faɗa, har ya tanadi amsoshi. Ta saurara har ya gama, ta tambaya ko wani ya ji rauni, ya ce a'a. Sai ta ce, "Ba komai, Baba. Laifina ne, da na sani da na nemo maka mai sauƙi." Muryar da ta yi maganar da ita ya gane ta, irin wadda take lallashin tsofaffin asibitinsu ce. Ya ajiye wayar yana jin kunyar da bai taɓa ji ba tun yana yaro.

Asabar biyu ba wanda ya kawo mota. A ta uku Obrad ya turo tsohuwar motarsa har kan rami, ko lokacin juyenta bai yi ba, ya fito yana ta hayaniya wai yana bin Milutin man shinge na gaskiya, baƙi mai kauri. Motar nan Milutin ne ya yi mata juyen farko, kuma ba wani hannu da ya taɓa shiga ƙarƙashinta sai nasa. Ya sauka ramin ba musu. Ba roba, ba faifai, komai a fili, ga noti nan inda yake tun fil azal. Ya ɗora sifana.

Obrad yana tsugune a bakin rami da bokiti, yana jiran ƙarar zubar mai. Shiru. Ya ba shi lokaci, ya ƙara, har ya gaji ya leƙa. Milutin yana tsaye, hannu a kan sifana, bai murɗa ba. Ya cire ta, ya shafa kaskon da yatsa, ya bi shi da ido har gaba, ya dawo, ya sake ɗorawa.

"Kum," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Sauko ka duba mini. Wannan ne?"

Obrad ya dube shi. Ya fi tsorata da wannan tambayar a kan hayakin ranar nan. Ya sauka matakalar da gwiwoyinsa masu ciwo, ya haska tocila, ya ƙura wa notin ido kamar mai nazari, alhali a wurinsa duk ƙarafan nan ɗaya suke.

"Shi ne, kum," ya ce.

"Ka tabbata?"

"Na tabbata. Murɗa."