Bahawaren da Ya Daina Cin Gishiri

A saman gidanmu na unguwar Tandabawi, kafin a rushe layinmu, kakata Hajiya Tabawa ke hura gawayin shayi bayan sallar isha, mu jikoki mu kewaye ta. Tsohuwa ce mai faɗan tsiya. In ka amsa mata da Larabci sai ta ce, "Yalla, bakin naka ka bar shi a jirgi ne?" alhali duk a Makka aka haife mu.

Labarinta ɗaya ne yake hana ni barci, na wani Bahaware, almajirin Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Bayan an ɗauke Annabin, sai wannan mutum ya sauka a wani gari mai nisa, shi kaɗai ne a can ya taɓa ganinsa ido da ido. Abin da ya ce shi ne addini, abin da ya bari haram ne. Da ya tsufa ƙafafunsa suka kumbura, ya daina cin gishiri. Mutanen gari suka gani, ba wanda ya tambaye shi dalili, kowa ya zubar da nasa.

Bai sani ba sai ranar da wata mata ta zo tana alfahari ta kori ɗanta daji, don ta kama shi yana lasar gishiri. Tsoho ya fito kasuwa yana kuka: "Ciwona ne, jama'a! Annabi bai hana ba!" Suka ce kai, dubi tawali'un bawan Allah. Yaron dai ba a sake ganinsa ba.

A nan Hajiya take rage murya. "Ya mutu yana kiran sunan yaron. Ku kwanta." Ni kuwa in ƙudundune, ina jin tsoron mutanen garin fiye da aljanu.

Yanzu ni ce babba a zuriyarmu, ba sauran mai gyara mini magana. Gwiwata na ciwo, nakan dafa bango kafin in tayar da salla. Rannan na ji jikata Ruwaida tana tsawata wa ƙanenta: "Dafa bango tukuna! Haka Sitti take yi."

Ni ce Sitti, haka jikokina ke kirana da Larabci. Na kira ta na ce ciwon gwiwa ne kawai, ba ya cikin salla. Ta dube ni da ladabi, ta yi murmushi ta ce, "To, Sitti." Da magariba na leƙa ɗakinsu, na tarar da su biyun sun dafa bango.