Gizagon Kaka da Injin Mansur

Ranar Asabar ta farko bayan alhazai sun watse daga Mina, a shekarar da na gama aji biyar, ɗan uwana Mansur ya hawo saman benenmu na unguwar Shisha a Makka da wani abu naɗe cikin tsohon harami. Ina zaune gaban Kaka da la'asar, gungumen darbejiya tsakanin ƙafafuna, ina ta sara da ƙaramin gizago, gumi yana shiga mini ido. Ya warware haramin, ya zare wayar injin wankin Umma ya jona tasa, sai abin ya ɗauki kuka, tattabarun maƙwabta suka tashi gaba ɗaya. Injin goge ƙarfe ne, wanda a nan ake kira saruk, amma ya cire masa faifan ƙarfe ya ɗaura na cin katako. Na dubi Kaka ina jira ya kore shi da injin nasa. Sai Kaka ya gyara zama ya kira shi yaro da Larabci, ya ce, "Matso da shi nan in gani, ya walad." Daga wannan la'asar na tsani injin nan, shi ma mai injin ban ƙyale shi ba.

Kaka mahaifin babana ne, masassaƙi daga wani ƙauye na ƙasar Katsina, wanda ya zo aikin hajji yana saurayi bai koma ba. Abin da kowa ya sani yana sassaƙawa shi ne akushi da muciya da allo. Garaya da molo kuwa a ƙarƙashin buhu suke kwana, don a wancan lokaci kiɗa ba abin fitarwa fili ba ne a Makka, sai a bikin Hausawa, an rufe ƙofa an rufe taga. Katako ma wahalar samu yake yi, tunda ba a saran itacen Harami. Kawu Sale, da ke aikin shara a Arfa, shi ke kawo mana gungume duk lokacin da aka rage rassan darbejiyar can, saboda Arfa tana wajen iyaka. Fata kuma ta akuyoyin layya ce. Mu yara mu ke kankare gashinta, mu miƙe ta a katako da ƙusoshi, mu zauna gadinta kada kyanwoyin unguwa su yi mana ɓarna. Sharar ɓawon sassaƙa ma aikina ce, in tara a kwali in sauke wa Umma ta hura gawayin turare.

Akwai babban gizagon Kaka, wanda ya taho da shi tun daga gida, ƙotarsa ta yi baƙi da gumin hannu har tana sheƙi. Ba ya barin kowa ya taɓa shi. Yakan ce, "Wannan sai wanda hannunsa ya faɗa." Ni kuwa tuni na gama yanke wa kaina hukunci cewa nawa ne. Duk cikin jikokinsa ni kaɗai nake zama a wurinsa. Abokaina su tsaya a lungu suna ƙwala mini kira in sauko a buga ƙwallo, in leƙa in ce ina da aiki, in dawo in zauna ina hura hanci. Tafin hannuna ya yi kanta, malaminmu ya taɓa tambayata ko dako nake yi bayan makaranta, ni kuwa daɗi na ji. Mansur bai taɓa shiga lissafina ba. Ɗan Gwaggo Hajara ne, 'yar ƙanen Kaka, wadda ta zo hajji da shi a goye ta zauna ba iƙama, wato takardar izinin zama. Ba shi da takarda, don haka ba shi da makaranta, yana yini a warsha, wato shagon wani maƙeri, yana goge ƙofofi. Ya girme ni kaɗan, amma ba na ce masa Yaya sai a gaban manya.

Ramin da nake shafe makonni ina ƙwaƙulewa, Mansur ya cinye shi kafin a kira magariba. Babu ɓawo mai lanƙwasa irin na gizago, sai gari kamar na tuwo, ya rufe masa gira da gashin kai. Kaka, wanda ciwon gaɓɓai ya fara murɗe masa yatsu, yana ta dariya yana shafa cikin ƙoƙon garayar, yana cewa da ya sami irin wannan yana saurayi da bayansa bai tanƙware ba. Ni ban taɓa jin ya yi dariya haka kan aikina ba.

Nan da nan na zama lauyan gizago. Na ce garayar inji ba ta da murya, alhali ban taɓa jin ko ɗaya ba. Na kai ƙara wurin Umma cewa ƙurar tana ɓata mata shanya. Na ce ƙarar za ta jawo mana hankalin maƙwabta, a ɗaga buhu a ga abin da ke ƙasa. Umma ta dube ni ta ce kishi ne ke cina, in je in wanke ido. Na yi ta fatan a ɗauke wuta, amma wutar Makka ba ta san wannan wasan ba. Abin da ya rage mini shi ne in zauna in zuba ido, ina jiran ranar da faifan zai zarce ya huda bayan garaya, haske ya ɓullo, Kaka ya gane kurensa.

Bayan garaya nan ne aikin yake. In ya yi kauri, garaya ta zama kurma. In ya yi siriri, ranar da fata ta bushe ta ja, sai ya tsage. Kaka ba ya awo da komai. Yakan matse katakon tsakanin babban yatsa da manuni yana zagayawa, sannan ya kifa ƙoƙon a kuncinsa ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya lumshe ido yana saurare. Da aiki ya kai nan, sai na ga Mansur ya zare waya ya naɗe injinsa. Zuciyata ta yi fari fes. Na ce yau dai an zo wurin masu hannu, har na miƙa nawa. Kaka ya ba ni lanƙwasasshiyar wuƙa in ƙarasa ƙoƙon da na daɗe ina fama da shi, ya ba Mansur wata ya ƙarasa nasa.

Mansur bai taɓa riƙe wuƙar nan ba, ni shaida ne. Amma ya zauna yana fere katakon a hankali, ɓawon yana fita siriri kamar na albasa, yana tsayawa yana latsawa, yana kai shi kunci kamar yadda ya ga ana yi. Da muka gama Kaka ya ƙwanƙwasa nawa, ya ce aikin yana zuwa, in dage. Ya ƙwanƙwasa na Mansur, ya sake ƙwanƙwasawa, sai ya miƙa hannu ya shafa kan Mansur mai ƙura. Na zagaya bayan tankin ruwa na yi kukana. Ashe duk wannan lokacin ba injin ne ya fi ni ba.

Ban daina hawa benen ba. Na ci gaba da sara, na ƙara taurin kai, ina ganin ko ba komai jini ya fi kusa. Har shekarar da jikin Kaka ya yi nauyi ya daina hawa sama. Wata rana bayan sallar la'asar ya sa aka kira mu ɗakinsa. Ya jawo babban gizagon daga ƙarƙashin gado ya ɗora a cinyar Mansur, sannan ya ce masa injin nan, wanda maƙerin ya riga ya bar masa, ya ba ni.

Ban san lokacin da na ce, "Kaka, ni ne fa jikanka."

Ya ce, "Na sani, Habibu. Kai kana da takarda, kana da wuta. Wannan, ranar da aka kama shi, inda za a kai shi wuta ba kullum ba ce. Gizago ba ya neman a jona shi."

Maganar ba ta sanyaya mini rai ba. Abin da na ji kawai shi ne an ba wani abin da na yi shekaru ina wa gadi, ni kuma an haɗa ni da maƙiyina. Na ɗauki injin da yatsu biyu kamar mushen ɓera, na fita ban yi godiya ba.

Maganar Kaka ta tabbata bayan rasuwarsa. An kama Mansur yana dako a Mina, aka mayar da shi ƙasar da ya baro a goye, daga shi sai rigar jikinsa. Gizagon ya rage a ɗakin Gwaggo Hajara, ita kuma ta kawo mini ta ce in nemi alhajin da zai kai masa. Ranar na fara riƙe shi da kyau. Ƙotar ta zauna mini a hannu daidai, ba kuma wanda zai tuhume ni in na ce ban sami mai tafiya ba. Na ajiye shi a ɗakina har alhazan Katsina suka fara ɗaure kaya. Sai da motarsu ta kusa tashi na naɗe shi cikin wannan tsohon haramin na kai, ina jin haushin kaina da na Kaka da na Mansur duk a lokaci guda.

Yanzu ba a ɓoye kayan kiɗa ƙarƙashin buhu. An rushe benenmu an gina wani dogo, ba kuma wanda ke shanya fata a sama. Ina aiki a ofis, kantar hannuna ta daɗe da ɓacewa, injin kuwa yana kan kabad, sau ɗaya na taɓa kunna shi na yanke bututun ruwa. Mansur yana can ƙauyen Kaka, makaɗa suna zuwa wurinsa daga nesa. Wani lokaci yakan turo mini saƙon murya, in buɗe in ji kukan kaji da ƙwanƙwasar katako, sannan ya ce, "Habibu, saurara, ya yi ko in ƙara?" Ina kara wayar a kunci in lumshe ido kamar Kaka, ba na jin bambancin komai, in ce masa ya yi. Har yau, da furfurata, so nake a ce ni ne a wancan gefen wayar.