Gyaran da Na Zuba wa Buba a Memori

Cikin shekarun da na yi ina sana'ar turi a Tambuwal, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ranar da Shugaban ƙungiyarmu ya aike ni wata ruga bayan Fakku, in je in yi gardama da wasan waya. Ku da kuka shigo sana'ar kwanan nan ku saurara, domin abin da ya kai ni can, ku ma kullum kuna yin sa.

Ga wanda bai san aikinmu ba, mutum ne zai kawo wayarsa ko memori, ya faɗi abin da yake so, karatu ko wa'azi ko waƙa ko fim, mu tura masa daga kwamfuta. Muna da ƙungiya mai shugaba da sakatare, kuma dokarmu ita ce duk ƙarar da aka kawo kan abin da ka tura, kai za ka je ka warware ta da ƙafarka. Akwai kuma al'adar da ba a rubuta ba. Idan ka gama tura wa mutum abin da ya saya, fili ya rage a memori, sai ka ƙara masa wani abu kyauta, kamar yadda mai awon gero ke yi. Mu ma gyara muke ce masa. Gaskiya ita ce yawancinmu ba ma buɗe abin da muke zubawa, in dai fili ya cika shi ke nan.

Malam Buba makiyayi ne, magidanci mai natsuwa, tsohon abokin cinikina. Duk kaka, kafin su kora shanu kudu, sai ya zo in cika masa memori da karatu da waƙoƙin Fulfulde. Shekara uku ke nan, da na gama masa sai na ga fili ya rage. A kwamfutata akwai wasu ƙananan gem, wato wasannin waya, da wani abokin karatuna ya ba ni, irin waɗanda mutum ɗaya ke haɗawa a ɗakinsa, ba kamfani ba. Na ja ɗaya na jefa masa, na ce ko yara sa yi wasa da shi. Ko sunansa ban karanta ba.

Bayan mako uku Alhaji Mamman, shugaban ƙungiyarmu, ya aiko kirana. Na tarar da wata dattijuwa zaune a kan bencin shagonsa, ta ƙi shan ruwan da aka ajiye mata. Ita ce Inna Hajjo, mahaifiyar Buba.

"Nasiru, mi kas saka ma ɗan Inna cikin waya?" in ji Shugaba.

Na ce karatu da waƙa. Inna ta katse ni.

"Abin duba irin na boka kas saka mai! Kowa ya tashi, rugarmu kaɗai tar rage. Karmami ya ƙare, tabki ya koma laka, shi ko ya ce waya ta hana shi tafiya."

Wanda bai san kiwo ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Idan aka gama girbi shanu kan ci abin da ya rage a gonaki, da ya ƙare kuma dole a tashi tun suna da ƙarfin tafiya. Duk kwanan da aka ƙara, ƙarfin nan ne ke zubewa. Garken gidan gaba ɗaya ne ke tsaye yana ramewa.

Na koma shago na buɗe abin a karon farko. Babu magana a cikinsa, babu rubutu. Wani mutum ne marar fuska yana jan wata farar dabba da igiya, ita ba saniya ba, ita ba akuya ba. Kifaye na iyo a sararin sama. Yana cikin tafiya sai ya tarar da ƙofofi biyu tsaye a tsakiyar daji, babu gini babu katanga, ta ɗaya ana hango gulbi, ta ɗaya ana hango gida. Ka zaɓi ɗaya. Gaba kuma wasu biyu, gaba wasu biyu. Cikin minti goma an gama: mutumin ya waiwaya, igiya na hannunsa, dabba babu ita. Na zauna ina kallon kwamfuta, haushi ya cika ni. A ce kan wannan shirmen za a rufe shago a yi wuni a hanya!

Washegari da sassafe na hau kabu-kabu. Wanda ya san hanyar Kebbe ya san abin da bayana ya gani. Kafin mu wuce Fakku mun sauka mun tura babur sau biyu, hantsi ya ɗaga sosai sannan muka isa.

Buba ya tarbe ni da fara'a, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo nono. Ina zaune ina hango shanun, ana iya ƙirga haƙarƙarin wasu daga inda nake. Na ce, "Malam Buba, wanga abu wasa na. Wani na can ɗakinai yaz zauna yah haɗa shi, bai san ka ba, bai san Fakku ba."

"Awo, Malam Nasiru, na sani wasa na," in ji shi. "Amma dibi. Ina cikin tunanin tafiya, nib buɗe waya, sai ga mutum da dabba da ƙofar gulbi. Sau ukku nika bin gulbi, sau ukku igiya na dawo min wayam. Ran da nib bi ƙofar gida ko, dabba ba ta ɓace ba."

Na tambaye shi yadda ƙarshen ya kasance a ranar. Ya ce ai wayar ce ta ɗauke, caji ya ƙare, amma har ta ɗauke dabbar na nan. Wato batir ne ya mutu kafin a kai ƙarshe, shi kuma ya riƙe wannan a matsayin amsa. Sai da na dafe kai.

Na ce to a taru. Na yi lissafi, ƙofa biyu sau uku, hanya takwas ke nan. Na jona wayar da batirin da na zo da shi, na ce zan bi su duka a gaban kowa. Maza da matan da suka rage a rugar suka kewaye mu, Inna, da ta riga ni komawa, ta ja kujera 'yar tsuguno ta zauna kusa da kafaɗata. Na bi gulbi, igiya wayam. Na bi gida, igiya wayam. Na bi gida na bi wata ƙofa mai rijiya da farin wata kwance a cikinta, haka. Fiye da awa ɗaya ina latsawa, inuwa ta gushe, gumi na ɗiga a kan gilashin wayar. Da na gama ta takwas na ɗaga wayar sama kamar lauyan da ya ci shari'a.

"Kun gani? Ko'ina kab bi, ƙarshen guda na. Haka mai shi yag gina shi."

Sai wani dattijo ya girgiza kai ya ce, "Allahu akbar. Ashe wa'azi na."

Buba ya sunkuyar da kai. "Ke nan ko na tafi ko na zauna, abin da anka rubuta shi za a gani. To don mi za ni wahal da su bisa hanya?"

Wallahi a lokacin na so in jefa wayar cikin tabkin nan. Na zo in kwance ƙulli ɗaya, na ƙara masa wani da hannuna. Na fara kawo abin da malamai ke faɗa kan ƙaddara da yin sababi, muryata na tashi, shi kuma yana ce mini awo, awo, irin ta mutumin da ya riga ya gama shawara.

Inna ce ta taɓa mini hannu. "Ɗana, tsaya. Wanga mutum na cikin waya, tun da munka zauna, ka ga ya ba dabbag ga ruwa?"

Na yi tunani. Na ce a'a.

"Ka ga ya tsaya ta ci haki?"

Na ce a'a, Inna, ko ciyawa ɗaya ba ta ci ba.

Ta juya wajen ɗanta. "Buba, sau fuɗu yana ratsa gulbi bai bari ta sa baki ba. Sau takwas yana jan ta, bai waiwaya ba sai da tafiya taƙ ƙare. Wagga ba ƙaddara ta ba, mugun kiwo na. In ni ce dabbar, tun ƙofar fari nika tsinke igiya. Shi kaka koyi da shi?"

Wata mata ta fashe da dariya, sauran suka biyo. Buba ya karɓi wayar, ya jujjuya ta, ya tambaye ni ko akwai wurin da ake latsawa a shayar da ita. Na ce babu. Ya daɗe yana kallon mutumin nan marar fuska, sannan ya ce, "Ashe ba makiyayi ba na." Ya miƙo mini ya ce in goge. Kwana biyu bayan haka suka tashi.

Na koma na gaya wa Shugaba an warware, sakatare ya rufe ƙarar. Ni dai a raina na ji kunya, domin ni da ke taƙama da sanin kwamfuta na latsa abin nan sau takwas ban ga abin da tsohuwa ta gani daga bayan kafaɗata ba.

Da damina ta faɗi Buba ya dawo shagona. Na tambayi shanu. Ya ce alhamdu lillahi, sai dai biyu sun kwanta a hanya, tsohuwar saniyar Inna da wata mai ciki, ƙafa ta kasa ɗaukarsu. Bai ce laifina ba ne, ko a fuska bai nuna ba. Ni ne dai na san mako ukun da suka ci su daga kwamfutata suka fito.

Abin da na koya ke nan. Abin da muke turawa ba a memori yake tsayawa ba. Yana tarar da mutum da damuwar da ke ransa, shi kuma da ita zai fassara shi. Tun daga ranar ba na zuba wa kowa abin da ban buɗe na kalla har ƙarshe ba, ko da kyauta ne.

Na cika wa Buba karatunsa da waƙoƙinsa, fili ya rage kamar kullum. Kafin in ce komai ya ɗora hannu a kan teburina.

"Malam Nasiru, bana ka bar filin haka nan."