Malamin Da Ya Je Ganin Baƙar Ƙasa

Shekara goma sha takwas Malam Mijinyawa ya yi yana koyar da labarin ƙasa a wata sakandare a Gwarzo. Darasin da ya fi ƙauna shi ne na filayen ciyawar ƙasashen sanyi, inda ba bishiya, ruwan sama kaɗan ne, ƙasar kuwa baƙa ƙirin saboda saiwar ciyawa da ta daɗe tana ruɓewa a cikinta. Yakan lumshe ido yana bayani, ka rantse a can aka yanke masa cibiya, alhali ko Zariya bai cika wucewa ba.

Da koyarwa ta ishe shi, ƙanin matarsa Abubakar Sadiq, mai harkar jigilar kaya a Dubai, ya samo masa aikin kula da sito a Ras Al Khor. Abin da ake ajiyewa a siton ciyawa ce, busasshiya, ɗauri-ɗauri, wadda ake kawowa a kwantena don raƙuma da dawakin Larabawa.

"Ni fa yanzu gadin harawa nake," yakan ce wa matarsa Wasila a ɗakinsu na Al Nahda. "Sai dai wannan harawar da fasfo take zuwa."

A siton akwai wani makanike, Yerlan, mutumin arewacin Kazakistan. Ranar da Malam ya ji daga inda ya fito, sai ya tsare shi awa guda yana ba shi labarin garinsu: yawan ruwan sama, zurfin baƙar ƙasa, lokacin shukar alkama. Yerlan yana ta goge hannu da tsumma yana saurare.

"Ka taɓa zuwa ne?" ya tambaya.

"A'a, amma na koyar."

"To, ƙanwata za ta yi aure a watan Janairu. Yalla, mu je."

Da ya gaya wa Wasila a gida, ta ce, "Baban Ummi, ba kai ka ce sanyin can ya fi na firiza ba?"

"Na san lambar," in ji shi. "Talatin ƙasa da sifili. Sau nawa na rubuta ta a allo?"

Ya je unguwar Satwa wani tela ya ɗinka masa kwat mai shafi biyu, ya haɗa da safa ƙafa uku, ya ce khalas, shi ke nan.

Suna fita daga filin jirgi a Kazakistan iska ta mari Malam, gashin hancinsa ya daskare, gemunsa ya yi fari. Ya buɗe baki zai yi salati, haƙoransa suka riga shi. Awa huɗu suka yi a mota zuwa ƙauyen su Yerlan, yana leƙen taga ko zai ga ciyawa. Babu ko ƙwaya ɗaya. Dusar ƙanƙara ce fara fat har iyakar gani, ba tudu, ba bishiyar da mutum zai fake ya kama ruwa.

Mahaifiyar Yerlan, wata gajeriyar tsohuwa mai haƙoran zinare, ta dubi kwat ɗin Satwa, ta murza shi da yatsa biyu, ta yi dariya har da hawaye. Ta ɗauko rigar fatar tunkiya ta marigayi mijinta ta zura masa. A wajen biki aka cika masa faranti da nama, ya ci ya ƙara. Sai da ya suɗe hannu Yerlan ya gaya masa doki ne. Malam ya lalubi hukuncin a ransa, sannan ya ce ai malamai sun yi saɓani, a miƙo masa shayi.

Rana ta uku ya nace sai ya ga ƙasar. Yerlan ya ba shi shebur suka zaga bayan gida. Ya share ƙanƙara, ya ɗaga shebur ya buga, shebur ya yi tsalle ya dawo ya same shi a ƙauri. Ya sake bugawa, ko ƙwarzane bai yi ba, don ƙasar ta daskare kamar dutse. Maƙwabta suka fito kallon baƙon da ya taso daga Dubai don ya yi faɗa da ƙasa.

Tsohuwa ce ta kira shi ciki. Ta nuna masa wani tsohon bokiti a bakin taga, inda take shuka albasa. Ya tsoma hannu. Ƙasar baƙa, mai laushi, tana marmashewa kamar dambu, tana ƙanshin ruwan farko. Ya daɗe a durƙushe. Abin da ya yi shekara da shekaru yana faɗa wa yara ashe gaskiya ne, kuma ya ɗan ji mamakin hakan.

Tsohuwar ta yi magana, Yerlan ya fassara: "Ta ce in ka gama, ka mayar mata da albasarta yadda ka same ta."

Ya dawo Dubai da mura ta mako biyu da hoton bokiti a waya. Duk wanda ya shigo sito sai ya nuna masa. Abubakar Sadiq ya duba, ya juya wayar, ya ce, "Yaya, wannan ai ko a Kwanar Dawaki ka samu."

Malam ya karɓe wayarsa. Ya riga ya nemi hutun watan Yuni don ya koma, lokacin da ciyawa ke kai gwiwa. Wasila ta ce wannan karon ƙafarsa ƙafarta, amma ya gaya wa su Yerlan tun yanzu ita kaza za ta ci.