Gurbin da Na Bari Gaban Sunan Tsoho

Shekarun da na yi ina shigar da takardun haihuwa cikin ordinata, wato kwamfuta, a Madarunfa, babu abin da ya fi ci mini rai kamar neman suna. Sunaye sun yi yawa, injin kuma sai ya bi su layi bayan layi. Ka sa shi nema, ka je ka yi alwala ka dawo, yana nan yana juyi.

Sai aka aiko mana wani masanin ordinata daga Maraɗi. Ya jera sunayen duka bisa harafin farko, ya ce daga yau injin zai faɗa kan harafin kai tsaye. Kafin ka ɗage yatsa amsa ta fito. Tsohuwar hanyar tana nan, amma shugabanmu ya hana, don tana tsayar da aikin kowa. Na fi kowa murna.

Wata Talata wani tsoho ya zo daga Safo. Hajji zai tafi, fasfo yake nema, fasfo kuwa sai da takardar haihuwa, tasa ta ɓata. Na buga sunansa. Babu. Na sauya rubutun sau uku. Babu.

"Ɗana, sake dubawa," in ji shi. "Nan aka yi mani ta, ni da kaina na zo."

Na san tsohuwar hanyar za ta iya tono shi. Na dubi layin mutane har bakin ƙofa, na ce, "Baba, injin ga ba ya ƙarya."

"To, Allah shi yi maka albarka, ba ka ɓata mani lokaci ba."

Bayan damina, ina gyaran wasu layuka, na ci karo da sunan tsohon nan can saman jerin, inda babu mai dubawa. Wanda ya shigar da shi ya bar gurbi ɗaya kafin harafin farko, sai injin ya ajiye shi waje da 'yan'uwansa. Na duba wanda ya shigar. Ni ne. Irin gurbin nan nawa na bari cikin shekarun nan, ban sani ba, kuma har yau ina jin tsoron ƙirgawa.

Na fitar da takardar, na hau babur zuwa Safo. Babban ɗansa ya karɓa, ya daɗe yana kallonta.

"Mun gode, malam. Amma yanzu ta mutuwa muka so. Ita ma wurinku a ka yin ta?"

Na ce wurinmu ne.