Mutumin Bayan Labule: Ta'aziyyar Wilf Ellerby

Rai na Allah ne, shi ke bayarwa, shi ke karɓar abinsa ranar da ya so. Da hantsin Talata, 6 ga watan Maris na 2012, ya karɓi ran abokina Wilfred Ellerby, wanda duk garinmu Grimsby ya sani da Wilf mai gyaran rediyo. Ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu. 'Yarsa Glenda ce ta bugo mini waya. Da ta gama faɗa mini, sai ta roƙe ni abu guda.

"Baffa Norman, ranar Juma'a ta sama za a yi jana'iza a coci. Don Allah ka zo da jitarka ka kaɗa masa kiɗan nan na tsakiyar waƙarka 'Iskar Humber'. Na san hannunka na ciwo, ko a hankali ne ka yi. Ba abin da Baba yake so kamarsa."

Na ce mata to. Ka ji ni fa, Wilf, har a ranar mutuwarka ban iya faɗin gaskiya ba. Ni da kai mun sani ban iya kiɗan nan ba, ban taɓa iya shi ba, kuma ba ciwon hannu ne ya hana ni ba. Yau kwana uku ke nan ina zaune da jita a cinya ina lalube, ko Allah zai sa abin da ya gagare ni ina saurayi ya zo mini da tsufa. Bai zo ba. Shi ya sa na jingine ta na ɗauki alƙalami.

Na san ka a 1957, ina ɗan shekara goma sha bakwai, ina dakon akwatunan kifi a tashar jiragen ruwa. Kai kuwa kana aiki a shagon gyaran rediyo, ka girme ni da shekara uku. Shan-inna ta taɓa ƙafarka ta hagu tun kana ƙarami, don haka da ƙarfe ɗaure a ƙafa kake tafiya, ana jin zuwanka tun daga kwanar layi. A lokacin sabon kiɗan nan na Amurka ya fara shigo mana, ma'aikatan jirgi na kawo faya-fayan garmaho, iyayenmu na cewa hauka ne. Kai ne mutum na farko a unguwarmu da ya haɗa lasifika da hannunsa daga tarkacen tsofaffin rediyoyi. Idan ka saurari faifai sau biyu, a karo na uku kai ke kaɗawa.

A kicin ɗin mahaifiyarka ka koya mini riƙon jita. Wata shida kana fama da ni, abin da ya zauna a kaina riƙo uku ne kacal. Ba ka taɓa tsawata mini ba, sai dai ka girgiza kai ka ce, "Ɗan gaye, Allah ya ba ka gashi da murya, ya hana ka yatsu. Ba a haɗa wa mutum duka." Mahaifiyarka ta ajiye mana shayi da burodi, ta ce in dai za mu ci gaba da kashe mata kunne, mu riƙa rufe ƙofa.

Mu huɗu muka kafa ƙungiya, ni ke waƙa, kai ke jita. Muna wasa a zaurukan coci da kulob ɗin masunta, wani lokaci ladanmu kifi ne da soyayyen dankali a naɗe cikin jarida. Ban taɓa jin daɗin duniya kamar waɗannan shekaru biyu ba, domin a lokacin kana tsaye a gefena, kowa yana ganin wanda ke kaɗawa.

A bazarar 1959 wani manaja daga Landan, Mista Pargeter, ya gan mu muna wasa a garin Cleethorpes. Waɗanda ba su rayu a zamanin ba za su yi mamakin yadda ake sana'ar. Manaja ba ya fara da kunne, da ido yake farawa. Ya duba fuskarka, ya sa a gyara maka gashi, ya ɗinka maka riga mai ƙyalli, ya cire sunan da ubanka ya raɗa maka ya ba ka wani. Haka Norman Tuplin mai ƙarnin kifi ya kwana ya tashi Rex Marlow. Da ya zo kanka sai ya dubi ƙafarka, ya ce 'yan mata ba za su biya sule uku don kallon ƙarfe ba. Amma yana son kiɗan, don haka ya kawo dabara, ya ce ba mu ne farau ba. Ni zan rataya jita a gaba, kai ka zauna bayan labule ka kaɗa.

Kowa ya zuba mini ido, tunda ni ne amininka. Da na ce in babu Wilf a gaba babu ni, watakila da mun koma dakon kifi, watakila kuma da ya haƙura. Amma sai na sunkuyar da kai ina kallon sabon takalmin da ya saya mini. Kai ka fitar da ni, ka ce, "To ai shi ke nan, dama tsayuwar nan wahala take ba ni. Ku dai samo mini kujera mai kyau."

Shekara huɗu muka yi a haka. Wayar jitata tana bi ta bayan lasifika, a can ake ɗaure ta a ƙafar tebur, ba ta shiga ko'ina. Kai kuma kana zaune a bayan labule, ka huda 'yar ƙofa daidai ido kana kallon hannuna. Kai ka zauna ka koya mini inda zan riƙa kai yatsu don ƙaryar ta yi kama da gaskiya, har da yadda zan murtuke fuska idan kiɗan ya hau sama. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni ake yi wa ihu, ni ake yaga wa riga, kai kuma idan an tashi ka naɗe wayoyi ka taya ɗaukar kaya zuwa mota, mutane na ɗauka ɗan dako ne.

Ba zan manta da wata Asabar a garin Skegness ba. Ana tsakiyar wasa 'yan mata uku suka kamo ƙafata suka jawo ni daga kan dandamali, na faɗi, jita ta yi gefe. Da kiɗan ya ci gaba ko na daƙiƙa biyu, da asirina ya tonu a gaban mutum dubu. Amma idonka na kaina. Kafin gwiwata ta taɓa ƙasa ka ja tsirkiyoyin jitarka gaba ɗaya suka yi wata muguwar ƙara, ka yi tsit, kamar dai tawa ce ta bugu. Da muka shiga mota sai ka ce, "Ɗan gaye, gobe in za ka faɗi ka ɗaga mini gira tukuna, in shirya." Muka yi ta dariya har muka kai Boston, garin da ke gaba.

A Landan aka ɗauki "Iskar Humber" a faifai cikin 1960. Waƙar ba wata abar a zo a gani ba ce, kiɗan tsakiyarta ne ya sayar da ita, kuma a take ka ƙirƙiro shi muna tsaye muna jira. Wanda duk ya kasa kunne zai ji wani ɗan ƙas-ƙas a ƙarƙashin kiɗan. Masana sun yi ta rubutu cewa dabarar mai ganga ce. Ba mai ganga ba ne, ƙarfen ƙafarka ne kake bugawa a daɓen katako kana riƙe lokaci. Sunana aka buga a jikin faifan, naka bai fito ko a lungu ba.

Zuwa 1963 yayinmu ya wuce, sababbin yara sun zo da nasu salon, Mista Pargeter ya daina ɗaga wayarmu. Ka dawo gida ka buɗe shagonka, ka auri Enid. Ni na shiga sayar da darduma, ina kuma ci da tsohon suna. Duk taron tuna baya da aka kira ni sai in je in yi waƙa, idan aka miƙo jita in ce sanyin ƙashi ya kama mini yatsu. Shekara kusan hamsin ina wannan ciwon na ƙarya, har likitana ya fara tausaya mini.

Kai kuwa halinka bai canza ba. Tsofaffin unguwa sun san idan rediyonsu ya mutu za ka gyara, ka ce ai waya ce kawai ta saki, ka ƙi karɓar komai. Lokacin da matata Doreen ta kwanta ciwon da ya ɗauke ta, wata tara kana zuwa gidana kowace Alhamis da ƙyafaffen kifi, ka hau matakala goma sha uku da wannan ƙafar, ka zauna kana ba ta labarai har ta yi dariya. Bayan an binne ta, kai kaɗai ne ka ci gaba da zuwa.

Abin da ya fi ci mini rai ya faru ne a 1998, kuma da yawa daga masu karanta wannan suna wurin. An shirya taron tsofaffin mawaƙan gari a wani zaure, aka ɗora ni a kan kujerar girma ana yi mini tambayoyi. Kana zaune a layi na uku da Enid da Glenda. Sai Glenda ta miƙe, tana murmushi irin na mai son a raba mata gardamar gida.

"Baffa Norman, tun ina yarinya Baba yake ce mana shi ya kaɗa kiɗan 'Iskar Humber', muna ce masa ya cika tatsuniya. Yau dai ga ka ga shi, wa ya kaɗa?"

Ga mutanen rediyo da na'urarsu, ga mutum ɗari biyu da suka zo da tsofaffin faya-fayai don in sa musu hannu. Kalma ɗaya ta rage mini in faɗa, bayan shekara talatin da takwas. Amma tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai na ƙyalƙyale da dariya na ce, "Wilf ai gwani ne, ba wanda ya kai shi iya naɗe waya." Zauren ya fashe da dariya. Na dube ka, na ga fuskarka ta yi ja har kunne, sannan kai ma ka shiga dariyar, ka jawo hannun 'yarka ka ce, "Zauna mana, kin ga kin tona mini asiri." Ka zaɓi 'yarka ta ɗauke ka maƙaryaci da a kunyata ni a bainar jama'a. Enid ba ta yi dariya ba. Ta san gaskiya, kuma tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa ni da ita.

Alhamis ɗin da ta biyo baya na ɗauka ba za ka zo ba. Sai na ji ƙarar ƙarfenka a ƙofa, ga kifi a hannunka. Ba ka ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Da ka zage ni da ya fi mini sauƙi.

Makonni uku da suka wuce na je duba ka a asibiti, na shirya maganata tun daga gida. Na tarar da kai ka rame, amma bakin nan yana nan. Na ce, Wilf, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Ka dube ni ka ce, "In dai gashinka ne, ai kowa ya san rini ne." Na yi dariya, na kama wannan ƙofar da ka buɗe mini na gudu ta cikinta, muka ɓige da hirar ƙwallo har lokacin ziyara ya ƙare. Na ce wa kaina sai mako mai zuwa. Na yi ta ɗagawa har Glenda ta bugo waya.

To ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba zan zo coci da jita ba. Wannan takarda zan kai wa Glenda da hannuna kafin jaridar gari ta buga ta, in tsaya a gabanta har ta gama karantawa. Idan iyali sun yarda in halarci jana'izar, zan miƙe in maimaita abin da ke cikinta da bakina, da sunana na gaskiya, Norman Tuplin, sannan a sa faifan mutane su ji mai kiɗan da kansa. Idan kuma sun ce kada in taka wurin, ba su zalunce ni ba. Na san gaskiyar da aka faɗa bayan mai ita ya mutu ba ta da wani nauyi, domin yanzu ba abin da za ta ƙara maka. Amma ita kaɗai ta rage a hannuna.

Allah ya jiƙanka, Wilf. Allah ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya saka maka da alheri a kan duk rufin asirin da ka yi wa wanda bai cancanta ba. Allah ya tsayar da kai a gaba a cikin bayinsa na gari, inda ba a duban ƙafar kowa. Ni kuma ina roƙon ya yafe mini, tunda na bar lokacin neman yafiyarka ya wuce.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Enid, wadda ta haɗiye wannan magana shekara da shekaru saboda mijinta ya roƙe ta, da jikokinsa, da 'yan uwa, da duk tsofaffin unguwa da za su rasa mai gyara musu rediyo. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya sa albarka a abin da ya bari.

Ke kuma Glenda, kin yi mini tambaya shekara goma sha huɗu da suka wuce, ga amsarki yau. Mahaifinki ne ya kaɗa, tun daga farkon kiɗan har ƙarshensa. Bai taɓa yi miki ƙarya ba sai sau ɗaya, ranar da ya ce ki zauna, kuma saboda ni ya yi ta.